Rediyon da ke laluben tasha da kansa: wa ya taɓa fama da shi?

Direba, hanyar Kaduna: Salamu alaikum 'yan'uwa. Rediyon motata in na danna masa neman tasha a matsakaicin zango, sai ya yi ta zagaye, ya wuce Rediyon Kaduna kamar bai san ta ba. Ƙaramin rediyona na gida kuwa yana kama ta tangaran. Wa ya taɓa ganin haka?

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, motarka daga Amurka ta zo ko? Rediyonsu in yana neman tasha, lambar zangon na tafiya ne da taku goma-goma, 590 sai 600, mu kuma a nan tara-tara muke, tashar tana kan 594. Tsallake ta yake yi. Wasu ana iya sauya musu takun, wasu sai dai haƙuri. An sha kawo min irinsa ana cewa ya lalace, alhali lafiyarsa lau.

Tsohon soja, sashen sadarwa: Ku yaran yanzu lamba kawai kuke gani tana gudu. Na'urar saurare da na yi aiki da ita ɗan inji ne a ciki yake juya ta, kana jin ƙugin haƙoransa. Da sigina ta kai wani ƙarfi sai ya tsaya. Wahalar ita ce tsayuwar. In ya yi sauri ya zarce, ya dawo, ya sake zarcewa, allura na ta rawa. In ka rage masa gudu kuma, mai magana ya faɗi kalma uku ya kashe kafin ka iso kansa. Dare guda sai ka ƙare da shuuu kawai a kunne.

Mai gyaran rediyo: Baba, ai tsohuwar Marsandi mai rediyon Becker Mexico ma allurarta da kanta take tafiya. Na buɗe ɗaya, maiƙo ya daskare da ƙurar hunturu, na wanke, ta tashi.

Ɗalibar injiniya, Zariya: Ni akasin matsalar direba na gani. Nawa tsayawa yake kan kowace hayaniya, musamman in maƙwabci ya tada janareta. Da na ɗaga ma'aunin da ke hana shi tsayawa kan sigina mai rauni ya daina, amma tashoshin nesa suka ɓace min. Baba, ku a wane mataki kuke ajiye shi?

Tsohon soja: 'Yata, da kunne. Mu saukar har shuuu ɗin ya fito, sannan mu ɗaga kaɗan.