Taron shekara-shekara na ASMS: abin da waɗanda suka halarta suka gani

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ina shirin halartar taron ASMS, ƙungiyar Amurka ta masu aiki da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, kuma ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su faɗa mana yadda suka same shi. An kafa ƙungiyar a 1969, amma tarukanta sun girme ta, domin tun 1953 ake yin su a ƙarƙashin kwamitin E-14 na ASTM, ƙungiyar tsara ƙa'idojin gwajin kayayyaki ta Amurka, a lokacin da matatun man fetur ke cikin manyan masu amfani da na'urar.

Ɗaliba mai digiri na uku: Wa alaikumus salam, Malam. Na je na Minneapolis a 2022, kuma babban abin da na ƙaru da shi a zauren allunan bincike na same shi. Laccoci suna gudana a ɗakuna da yawa a lokaci guda, kowace gajera ce, mai magana na gamawa wani zai hau. A gaban allo kuwa mai binciken yana tsaye, kana iya tsare shi da tambaya har ka gamsu. Aikina gano gubar aflatoksin ne a gyaɗa da masara, kuma matsalata ita ce man gyaɗa da sauran tarkacen samfur suna danne siginar gubar a wurin da ake ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, sai awon ya nuna ƙasa da abin da ke ciki. Wani dattijo ya tsaya a gaban allona, ya dubi zanen, ya ba ni shawarar in ƙara tsarma samfurin, in kuma zuba irin gubar mai ɗauke da kabon-13, wato nau'in kabon da ya ɗan fi na yau da kullum nauyi, a matsayin ma'auni. Da na dawo na gwada, sakamakon ya daidaita.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen asibiti: Na yarda da Malama, sai dai zan ƙara da kwasa-kwasan Asabar da Lahadi da ake yi kafin buɗe taron. Ana biyan kuɗinsu daban, amma a can na fahimci yadda ake jera matatun nauyi biyu, wato sassan na'urar da ke ware ƙwayoyi bisa nauyinsu, a farfasa ƙwaya a tsakaninsu, wanda shi ne tushen gwajin jinin jarirai da ke gano cututtukan gado da dama daga ɗigon jini a kan takarda.

Malamin jami'a: Ni na fara zuwa ne a Atlanta a 2019, kuma laccar karramawa ce ta fi burge ni. Babbar lambar ƙungiyar tana ɗauke da sunan John Fenn, wanda ya raba kyautar Nobel ta 2002 da Koichi Tanaka da Kurt Wüthrich. Dabararsa ta fesa ruwan samfur ta bakin allura mai ƙarfin lantarki ce ta sa aka iya auna manyan ƙwayoyin furotin ba tare da sun tarwatse ba. Shawarata ga ɗalibai ita ce su karanta mujallar ƙungiyar, wadda take fitowa tun 1990, kafin su tafi, domin yawancin masu gabatarwa suna ɗauka cewa mai sauraro ya riga ya san aikinsu na baya. Wanda kuma hayaniyar dubban mutane ke gajiyarwa, akwai ƙananan tarukan da ƙungiyar ke shiryawa, kamar na Asilomar a jihar California, inda ake tattauna batu ɗaya kawai.

Ɗaliba mai digiri na uku: Gaskiya ne, Dakta. Malam mai tambaya kuma ya lura cewa taron yakan faɗo a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, amma tun farkon shekara ake rufe karɓar taƙaitaccen bincike, saboda haka ya nemi tallafin tafiya na ɗalibai da takardar gayyata ta neman biza da wuri.