Motar da ba ta tashi sai an busa mata: wa ya taɓa zama da ita?

Maman Hanifa, Bronx:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanen maigidana ne kotu ta samu da laifin tuƙi cikin maye. Allah Ya shirya shi, ba wannan ya kawo ni ba. Alƙali ya ce a saka na'urar nan ta busawa, mai auna barasa a numfashi, a duk motar da yake tuƙawa, mu kuwa mota ɗaya ce a gidan. Da ita yake fita aikin dare, da ita nake kai yara makaranta da safe. Wanda ya taɓa zama da abin nan ya taimaka ya faɗa min me ke jirana.

Bakaniken Yonkers:
Wa alaikumus salam. Hajiya, na yi aiki a garejin da ake saka ta. A jikin wayoyin tayar da mota ake haɗa ta. Kina shiga sai ki busa, ta auna numfashinki. A jihar New York idan ta ga ma'aunin barasa ya kai 0.025 ko sama, motar ba za ta tashi ba, alhali iyakar doka ta tuƙi 0.08 ce. Kin ga ba sai mutum ya bugu ba. Ba ruwanta da wanda ke kan sitiyari, ke ma kullum sai kin busa. Bayan an hau hanya za ta yi ƙara ta sake neman busa. Mutane na tsoron za ta kashe injin a tsakiyar titi, ba ta yin haka. Rubutawa take yi, wasu kuma hon ya kama kuka, fitilu su yi ta walƙiya har sai an tsaya. Duk wata ko wata biyu ana kawo motar a daidaita na'urar a kwashe abin da ta rubuta, ya tafi wurin jami'in da ke sa ido a kansa. Lokacin sanyi ki ƙara 'yan mintuna a lissafinki, sai ta ɗumama tukuna.

Hajiya Babba, Harlem:
Ni ɗana ne, kuma a motata aka saka. Ƙanwata, abin da bakanike bai faɗa miki ba shi ne turare. Mu mata mun saba mu fesa kafin mu fita, wani lokacin ma a cikin motar. Turaren fesawa akwai sinadarin barasa a ciki, haka man goge hannu, haka wasu ruwan kurkurar baki. Wata safiya na goge hannu, gilasai a rufe, na busa ta ƙi ni. Ni da ko warin giya ban sani ba! Na sauke gilashi, na kurkure baki da ruwa, na jira, na sake busawa ta karɓa. Busar nan ta biyu ita ce hujjarki, don barasar da ke baki kawai tana gushewa cikin mintuna, ta cikin jini kuwa ba ta gushewa haka. Kada ki yi fushi ki fita ki bar motar, sai a rubuta a kan yaron. Ki ajiye gorar ruwa a mota, ki daina ci ko sha dab da busawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙofar masallaci ranar Juma'a. Kina zaune kina busa abu, mutanenmu na wucewa suna leƙe. Wasu sun tambaya, wasu ba su tambaya ba, sun je sun faɗa.

Ɗan Damagaram, Liyon:
Hajiya Babba, a nan Faransa wannan kunyar ba ta taso ba a aikinmu. Ni direban babbar bas ne ta tafiya tsakanin garuruwa. Tun 1 ga Satumban 2015 duk irin waɗannan bas sai da na'urar, ko ka taɓa laifi ko ba ka taɓa ba. Iyakarmu giram 0.2 a litar jini, ta yawancin sauran direbobi 0.5. Ni da abokin aikina mai shan ruwan inabi da abincin dare, kowa busawa yake da safe. Ta zame mana kamar ɗaura bel.

Tafinta a kotu:
Maman Hanifa, abu biyu daga abin da nake gani a wurin aiki. Dokar da ta hau kansa ita ce ta Leandra, sunan yarinya 'yar shekara 11 da ta rasu a 2009 a motar da wata mata ke tuƙawa cikin maye. Daga Agustan 2010 duk wanda aka samu da laifin a jihar New York sai an saka masa, ko da karon farko ne. New Mexico ce ta fara wannan tsarin a 2005. Hukuncin zama da na'urar yanzu shekara ɗaya ne aƙalla, amma idan ya nuna ya zauna da ita wata shida lafiya ana iya cirewa. Kuɗin sakawa da na wata-wata a kansa suke. Idan ba shi da hali akwai takardar bayyana samu da ake cikewa, alƙali na iya rage masa ko ya yafe. Mutanenmu da yawa ba sa nema don ba su san da ita ba.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ranar da zai ce miki, “Anti, busa min kawai in tafi aiki,” kada ki yarda. Laifi ne a kanki ke ma, haka ba shi aron motar da ba ta da na'urar alhali kin san hukuncinsa. Yawancinsu da kyamara, tana ɗaukar fuskar mai busawa.

Malam Na-Zango, Bronx:
Ni dai ban ga adalci ba. Mutum ɗaya ya sha, gida guda na busawa. A raba shi da tuƙin kawai a huta.

Tafinta a kotu:
Malam, waɗanda aka ƙwace wa lasisi da yawa ba sa daina tuƙin, a ɓoye suke yi, ina ganinsu suna dawowa gaban alƙali. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce muddin na'urar na jikin mota, sake kama mutum da laifin na raguwa da kusan kashi 70 cikin ɗari. Inda maganarka ke da ƙarfi shi ne bayan an cire, don a nan da yawa ke komawa gidan jiya. Motar take tsarewa, ba ta raba mutum da kwalba.

Maman Hanifa, Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Takardar nan ta rage kuɗi, wurin lauyansa zai nema ko a ofishin kotun?

Tafinta a kotu:
Ya yi wa lauyan magana yau. Alƙalin da ya yanke hukuncin ne ke dubawa, kuma ya tafi da takardun albashinsa da na hayar gida.