Ƙanina ya ce manhajar kirifto tana da lasisi, in zuba kuɗin adashina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma watan nan na kwashi adashi, naira 900,000. Niyyata in sayi siminti da bulo in kewaye ɗan filin da na saya. To shekaranjiya bayan isha ƙanina ya zo, ya zauna kusa da ni a tabarma ya buɗe wayarsa, ya nuna mini wata manhajar kirifto (kuɗin intanet irin su Bitcoin) da ya ce tana ba da ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Na ga lambobi kore shar, wai kuɗinsa ne ke hawa. Da na ce ina tsoro sai ya ce, "Yaya, waɗannan fa suna da lasisi," ya nuno mini hotunan takardu uku: ɗaya ta CAC, ɗaya an rubuta SCUML da tambarin EFCC, ta ukun kuma ta Amurka ce mai haruffan MSB. Shawararsa in zuba na wata uku, in cire, in yi katangar har da ƙofa.

Yaron ba maƙaryaci ba ne, shi ya sa zuciyata ta rabu biyu. Don Allah masu sani, waɗannan takardun su ne lasisin? In kuma kamfani na da lasisi, me lasisin ya ƙunsa? In ya durƙushe gwamnati za ta biya ni kamar yadda ake biyan masu ajiya a banki?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malama, sayi simintinki. Haka aka yi da CBEX, wata manhajar kirifto irin wannan, a watan Afrilun 2025, an yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, rana ɗaya aka wayi gari ba a iya cire ko sisi. Har ofishinsu na Ibadan mutane suka fasa don baƙin ciki. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wani lauya a Kaduna:
Malama, kin yi dabara da kika tambaya kafin ki tura. Bari in bi takardun ɗaya bayan ɗaya.

Ta CAC shaidar haihuwar kamfani ce kawai. Mai gidan burodi yana da ita, mai shagon ɗinki ma in ya so zai yi. Tana nuna akwai kamfani mai wannan suna, ba ta ba shi izinin karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari ba.

SCUML sashe ne a ƙarƙashin EFCC da ke yi wa wasu sana'o'i rajista, irin su dillalan motoci da na gidaje da masu otal, domin a sa ido kan safarar kuɗin haram. Tambarin EFCC da ke jiki shi ke ruɗar mutane, su ɗauka hukumar ta tantance kasuwancin ta wanke shi. Bayan rushewar CBEX hukumar da kanta ta fito ta ce riƙe wannan takarda ba izinin harkar zuba jari ba ne.

Ta Amurkar kuwa rajista ce da wani sashe na ma'aikatar kuɗinsu mai suna FinCEN. Kamfani ne ke cike bayanansa da kansa ta intanet, kuma sashen ya bayyana ƙarara cewa shiga jerin ba ya nufin gwamnati ta amince da kamfanin ko ta tabbatar da gaskiyarsa. Ko da ma lasisin gaske ne, na Amurka ba ya aiki a kan kuɗin mutumin Zariya.

Wadda ke da hurumi a Najeriya ita ce SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari. Ta fitar da ƙa'idojin kadarorin dijital a watan Mayun 2022, sannan dokar zuba jari ta 2025, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na shekarar, ta sanya kirifto cikin abubuwan da SEC ke kula da su. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba, rajistar ba iri ɗaya ba ce. Ta kasuwar saye da sayarwa daban, ta mai ajiyar kadara daban, ta mai fitar da sabon kirifto ya tallata daban. Wanda zai karɓi kuɗinki ya ce zai juya miki, wannan aikin mai sarrafa jari ne, shi ma da nasa izinin. Saboda haka in an ce miki "muna da lasisi", tambayi na wace hukuma, kuma na yin me. Kuma babu wani izinin SEC da ya halatta wa kamfani ya yi alkawarin tsayayyar riba ta kashi 30 a wata. Wannan alkawarin shi kaɗai ya ishe ni hujja.

Ki shiga shafin SEC da kanki, ki nemi sunan kamfanin a jerin waɗanda ta yi wa rajista. Kada ki dogara da hoton takarda, yaro ɗan sakandare ma zai haɗa irinsa a waya.

Ɗan Farm Centre:
Anti, in dai kirifton kike so, ki bi ta Quidax ko Busha. Su SEC ta ba su lasisi tun 2024, kuɗinki ba zai taɓa ɓata ba.

Ma'aikaciyar banki, Kano:
Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ne, amma ƙarshenta zai iya jefa wani a rami. A watan Agustan 2024 SEC ta sanar da cewa ta ba waɗannan kamfanoni biyu amincewar farko mai sharaɗi a ƙarƙashin shirinta na ARIP, wato su yi aiki tana sa musu ido kafin cikakkiyar rajista. Duk mai son sanin inda aka kwana yau, shafin hukumar zai duba. Amma "kuɗinki ba zai taɓa ɓata ba" babu lasisin da ya faɗi haka a duniya.

Malama, ga amsar tambayarki ta ƙarshe: a'a, gwamnati ba za ta biya ki ba. Abin da ke biyan masu ajiya a banki shi ne inshorar hukumar NDIC, wadda tun 2024 ta kai naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan microfinance. Da ita aka biya masu ajiya a bankin Heritage lokacin da CBN ya soke lasisinsa a watan Yunin 2024. Bitcoin ko USDT (kirifto mai bin darajar dala) da ke cikin manhaja ba ajiyar banki ba ne, NDIC ba ta san da zamansa ba.

To me lasisin ke yi? Yana tilasta wa kamfani ya zama an san masu shi da ofishinsa, ya ajiye jarin kansa (ƙa'idojin 2022 sun ce naira miliyan 500 ga kasuwar musaya, da inshorar cin amana ta aƙalla kashi 25 cikin ɗari na wannan jarin), ya ware dukiyar abokan hulɗa daga tasa, ya tantance kowa da BVN ko NIN, ya riƙa kai rahoto, kuma ya samar da hanyar karɓar koke. In ya zalunce ki, kina da ƙofar da za ki ƙwanƙwasa: SEC, daga nan kotun musamman ta harkokin zuba jari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ni na ga mutane suna kuka a gaban teburina ba su ma san sunan wanda ya cinye musu kuɗi ba. Sai dai ki auna wancan jarin da yawan abin da dubban mutane ke ajiyewa, za ki ga ba zai rufe kowa ba in abu ya lalace gaba ɗaya. FTX, wani babban kamfanin musayar kirifto, na da rajista a Bahamas, ya rushe a watan Nuwamban 2022, mai shi yana zaman shekara 25 a kurkukun Amurka, masu ajiya kuwa sun daɗe suna jiran kotu.

Faɗuwar farashi kuma taki ce ke kaɗai. Bitcoin ya kusa dala 69,000 a ƙarshen 2021, bayan shekara ɗaya ya dawo ƙasa da 17,000.

Alhaji mai atamfa, Kantin Kwari:
Ni ina amfani da USDT wajen biyan kaya, ba don neman riba ba. Abu biyu sun same ni da lasisi bai hana ba. Na farko, na taɓa tura kuɗi na zaɓi hanyar turawa (network) da ba ita ba, ina gaggawar tafiya masallaci, na danna ban sake dubawa ba. Har yau ba su dawo ba. Na biyu, na sayar wa wani USDT ta P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum, ashe nairar da ya turo mini ta sata ce, aka toshe mini asusun banki kusan wata biyu ina zarya. Tun daga nan ba na barin kuɗi su kwana a manhaja, kuma ba na ciniki da wanda sunan asusunsa ya saɓa da sunansa na manhajar. 'Yata, kuɗin katanga ba na gwaji ba ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba shafin SEC ni da ƙanina, babu sunan kamfanin. Ya tambayi wanda ya shigar da shi, an ce wai "ana kan hanyar" samun rajistar. Ni kam na fasa, gobe zan je wajen mai siminti. Damuwata yanzu shi ne, ashe yana da naira 250,000 a ciki, kuma ya shigar da abokansa biyu har an ba shi kamasho. Ya zai yi?

Wani lauya a Kaduna:
Ya nemi cire uwar kuɗinsa yau, kada ya jira cikar wata. In suka ce sai ya ƙara zuba wani abu na "tantancewa" ko "haraji" kafin a saki kuɗin, kada ya tura ko kwabo, wannan tatsa ce ta biyu. Ya ɗauki hoton komai tun manhajar na buɗewa: shafin asusunsa, rasit ɗin turawa, lambar asusun da ya tura wa kuɗin, da hirarsu da wanda ya shigar da shi. Da su zai kai koke SEC da ofishin EFCC mafi kusa, kuma ya sanar da bankinsa a rubuce.

Abin da ya fi gaggawa, ya daina gayyatar mutane daga yau. Dokar 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, kuma ba masu kamfanin kaɗai ta ambata ba, har da masu tallata irin wannan tsarin. Ya kira abokan nan biyu da daren nan ya gaya musu abin da kuka gani a shafin SEC, su ma su nemi cire nasu. In ba zai iya shi kaɗai ba, Malama, ki zauna kusa da shi ya kira su.