Lambar da ta ba Ferma kunya

Malam Mai Alli:
Bismillahi, ga lamba a faifai, a zo a yi dubawa,
4,294,967,297, biliyan huɗu da ɗoriya mai yawa.
Jera biyu har guda 32, ninka su ba tsayawa,
Ɗora ɗaya a bisansu, ita ce ke fitowa.
Ferma, masanin lissafin Faransa, a 1640 ya ce danginta ba sa rabuwa,
Sai da ɗaya ko da kansu, ba mai tsaga su ya yi dacewa,
Dangin su ne biyu guda 1, 2, 4, 8, 16 zuwa gaba, a ninka, ɗaya a ɗorawa,
Don 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk sun ƙi fashewa.
To almajirai, wa zai fara gwadawa?

Autan Aji:
Allah gafarta Malam, ni zan fara taɓawa.
Mara ce, da 7 ta ƙare, biyu da biyar ba su da shigewa.
Na tara alƙalumanta goma, 59 ke samuwa,
Raba da uku saura biyu, uku ma sai komawa.
Gwajin Ferma na gano marar rabuwa: jera biyu adadin lambar ba ɗaya, ka yi ninkawa,
Ka raba da lambar. Na yi shi da tushen biyu, ɗaya ce ragowa,
Ashe ke nan maganarsa ba ta da gyarawa?

Yaya Mai Lissafi:
Ƙanena dakata, nan ne wurin zamewa.
Da tushen biyu duk dangin nan suna wucewa,
Har masu rabuwar cikinsu. Sa uku ka ga asiri na tonuwa.
Oila masanin lissafi ne a 1732 ya yi mata fasawa:
641 sau 6,700,417, ninka ka gan ta tana dawowa.
Kar ka bi lambobi ɗai-ɗai, wahala ce marar ƙarewa,
Mai raba ta ninkin 64 ne da ɗaya a kai, ba canzawa.
Gwada 193, 257, 449, 577, duk suna barin ragowa,
A 641, wato 64 sau goma da ɗaya, ƙofa ke buɗewa.

Malam Mai Alli:
Madalla Malama, bari in yi ƙarawa.
Masu raba ta huɗu ne rak, ba na biyar ɗin nemowa:
Ɗaya, da biyun nan, da ita kanta a rufewa.
Tara ukun farko, 6,701,059, ko kusa da ita ba sa kaiwa,
Shi ya sa cikin gajiyayyu ake mata ajiyewa.
Abin da ya fi burge ni, murabba'i biyu ne ke haɗuwa:
65,536 sau kansa da ɗaya, hanyar farko ta ginuwa,
62,264 da 20,449, kowa sau kansa, su ma suna cikawa.
Marar rabuwa ba ta wuce hanya ɗaya, biyu shaidar tsagewa.

Autan Aji:
Yaya na karɓi gyara, ga tawa gudummawa.
A harshen kwamfuta gurbi 33 take cinyewa,
Ɗaya, sifili 31, sai ɗaya a rufewa.
Ma'aji mai gurbi 32 a 4,294,967,295 yake tsayawa,
Cusa ta ciki, ɗayan farko ke zubewa,
Sai 1 ya fito a allo, lissafi na lalacewa.
Ba ta ma'aji mai gurbi 64 kafin ka fara rabawa.