Hannu na kan sitiyari, hankali fa? Muhawarar zauren gidanmu kan waya a mota

Auta: Assalamu alaikum. Jiya na saka wa motar Baba 'yar na'urar Bluetooth ɗin nan da ake sokawa a wajen kunna sigari. Yanzu in an kira shi maɓalli ɗaya zai danna, murya ta fito ta sifikar mota, hannayensa biyu na kan sitiyari. Karatun Alƙur'anin da ke wayarsa ma ta nan yake fita, babu kebul. A ganina an gama da maganar haɗarin waya a tuƙi. Mai magana ta Bluetooth daidai yake da mai hira da wanda ke zaune a gefensa.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ka kyauta wa mahaifinka. Amma maganarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Na ƙare ƙuruciyata ina jan mota tsakanin Kano da Kaduna, na san amfanin na gidan gaba: ido ne na biyu. Muna cikin hira muka doso Kura da cunkosonta, shi da kansa zai ja bakinsa, ko ya ce "direba, ga mai babur". Wanda ke waya kuwa yana kwance a ɗakinsa, bai san tirela ta yanko maka ba. In ka yi shiru sai ya ce "kana ji na?", kai kuma kunya ta sa ka amsa.

Auta: Kawu, ku yi haƙuri, amma ai abin da ke kashe mutane shi ne ɗauke ido daga titi da sakin sitiyari. An magance duka biyun.

Yaya: Auta, kai dai ka cika saurin yanke hukunci. Mu da muke karɓar waɗanda aka kwaso daga titi a asibiti ba ma ɗaukar wannan magana da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen shiga hatsari, ta kuma ce wayar da ba a riƙe da hannu ba ta fi wadda ake riƙewa aminci sosai ba. Ba yau aka gano ba. Tun 1997 wasu masu bincike a Toronto ta Kanada suka bi bayanan kiran direbobi 699 da suka yi hatsari, suka samu wannan ninkin 4 ɗin, kuma masu magana ba tare da riƙe waya ba ba su tsira ba. Abin da Kawu ya faɗa ma an gwada shi a Jami'ar Utah ta Amurka: aka sa mutane tuƙi a na'urar gwaji, aka ce su ratse a wani wurin hutawa. Masu hira da fasinja kusan duk sun ratse, masu hira a waya da yawansu suka wuce wurin ba su sani ba. Ido na kallo, ƙwaƙwalwa tana wani gari.

Kawu: 'Yata, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wata rana na baro Kwanar Ɗangora da ɗan abin kunnen nan a kunnena, aka kira ni kan rigimar gona. Hannuna biyu na kan sitiyari, idona na kan kwalta. Wallahi sai ganin kaina na yi na kusa Zariya. Tashar Yari da nake da fasinja biyu masu sauka, ban san lokacin da na wuce ta ba, sai da suka yi ta dukan jikin mota. Mutum goma na ɗauko ranar. Da yaro ne ya gilma fa? Daren nan ban yi barci ba.

Auta: Allah ya kiyaye gaba, Kawu. Amma Yaya, tunda bincike ake kawowa, ni ma ina da nawa. A Jami'ar Virginia Tech ba na'urar gwaji suka yi amfani da ita ba, kyamara suka liƙa a motocin mutane suna tuƙinsu na yau da kullum. A 2009 suka fitar da cewa direban babbar mota mai rubuta saƙo ya ninka haɗarinsa sau 23, amma magana kawai ba tare da riƙe waya ba ba ta ƙara haɗari a zo a gani ba. Ingila ta hana riƙe waya a tuƙi tun 2003, amma ta bar magana ta sifika. Su ma ba su san abin da suke yi ba ne?

Yaya: Sun bar ta, amma in ta sa ka kasa sarrafa mota 'yan sanda za su kama ka. Kuma kai ba a Ingila kake ba. Dokar tuƙi ta Najeriya ta 2012 ta hana direba kira ko amsa waya ta kowace siga muddin mota na tafiya, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma suna cin tara a kai. Titin da aka yi wancan binciken babu adaidaita sahu mai juyawa ba sigina, babu garken shanu, babu mai tura ruwa.

Baffa: To bari mai wayarin ya sa baki. Ni ina bayan Auta a rabi. Mutanenmu ba za su daina amsa waya a mota ba, ɗan kasuwa ana jiran sa da kaya, direban haya ana neman sa. Gara na'urar da mutum ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa yana canja giya. Amma abin da nake gani a gareji, kiɗa da karatu sun fi kira illa. Irin wadda Auta ya saya 'yar ƙaramar tashar rediyo ce: tana karɓar sauti daga waya ta Bluetooth, ta watsa shi a zangon FM, kai kuma ka kamo mitar a rediyon mota. Zangon daga 87.5 zuwa 108 ne, kuma a Kano ya cika da tashoshi. In ka ajiye ta kusa da 99.5, Freedom Radio za ta danne ka, sai shuu da ƙara. Ka samu mita babu kowa a Kano, kana shiga Zariya wata tasha ta hau kai. Nan ne direba ke sunkuyawa yana murɗa wannan yana danna wancan. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa 5 na neman waƙa ya fi tsawon filin ƙwallo, ido a ƙasa. Kuma in motar tokumbo ce daga Amurka, rediyonta lambobin mara kawai take kamawa, 88.1, 88.3, don haka kada a saita na'urar a 88.2 a ce ta lalace.

Gwaggo: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Kwanaki na shiga motar haya zuwa biki, matar direban ta kira, murya ta cika mota. Baiwar Allah ba ta san mu shida muke sauraro ba, ta fara zayyano abin da ke tsakaninta da uwar mijinta. Kowa ya sunkuyar da kai, shi kuma ya rasa maɓallin kashewa. Maganar mutum amana ce. Duk wanda ya saka abin nan, kafin gaisuwa ma ya ce "ina mota, ana jin ki".

Auta: Wannan na karɓa, Gwaggo. Na Baffa ma na karɓa, zan jera wa Baba surorin tun kafin ya tayar da mota. Na kuma janye cewa daidai yake da hirar fasinja. Amma har yanzu ina kan cewa "ina hanya, zan kira ka" ta sifika ba ta kai a kira ta ganganci ba.

Yaya: In ta tsaya a nan. Yaushe ka taɓa jin Baba ya ajiye waya bai tambayi lafiyar kowa da kowa na gidan ba?

Baba: Duk na karanta. Na'ura tana nan, don karatun da nake ji a hanya ya yi mini daɗi. Gobe da ƙarfe 8 zan tafi Zariya gaisuwa. Wanda ya kira ni kafin 10 ba zan ɗauka ba, in abin gaggawa ne ya kira sau biyu a jere, zan nemi wuri in yi fakin. Auta, ka zo bayan isha'i da Baffanka ku duba mitar, tun jiya nake jin labarai na shigowa cikin Suratul Kahfi.