Wanda ya shiga gida da makami ya ƙwace kaya: me doka ta tanadar masa?

Maman Gida ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman masana shari'a su warware mini wani abu. Idan mutane suka haura katanga da dare, suka tsare masu gida da adda ko wuƙa, suka kwashe wayoyi da kuɗi, amma ba su yi wa kowa rauni ba, wane laifi ne wannan a dokar Najeriya, sata ce ko fashi? Shekara nawa ne hukuncinsa? Wanda ya tsaya gadi a waje da wanda ya sayi wayoyin fa, su ma suna ciki? Sannan in an mayar da kayan, masu gida za su iya cewa sun yafe a rufe magana?

Barista Na-Kotu ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kika kwatanta fashi da makami ne, kuma hukuncinsa kisa ne a ƙarƙashin dokar tarayya ta fashi da bindigogi, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1984, yanzu tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004.

Sashe na 1 na dokar ya raba fashi gida biyu. Wanda ya ƙwace kaya da ƙarfi ko da barazana, ba makami, hukuncinsa ɗauri ne da ba zai gaza shekara 21 ba. Amma ya koma hukuncin kisa idan aka samu ɗaya daga cikin abu uku: yana riƙe da bindiga ko wani makami, ko yana tare da mai riƙe da makami, ko ya yi wa wani rauni ko ya dake shi lokacin fashin, ko gab da shi, ko jim kaɗan bayansa. Ɗaya kawai ake bukata. Saboda haka cewa ba su taɓa kowa ba ba ya cetonsu muddin akwai adda a hannun ɗayansu. Idan laifin ya tabbata, alƙali ba shi da zaɓin sassautawa, dole kisa zai yanke, ta hanyar rataya ko harbi, yadda gwamna ya ba da umarni.

Makami a wannan dokar ba bindiga kaɗai ba ce. Ta ambaci adda, wuƙa, mashi, kwari da baka, kulki, har da guntun itace, ƙarfe, kwalba ko dutse da za a iya cutar da mutum da shi. Bindigar roba ta wasan yara kuwa kotuna sun sha cewa ba bindiga ba ce, sai a sauko da laifin zuwa fashi mara makami, wato shekara 21 zuwa sama.

Darajar kayan ba ta da tasiri ko kaɗan, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A Jihar Osun an yanke wa wasu matasa biyu hukuncin kisa a 2014 saboda shiga gida da makami suka kwashi kaji, sai a Disamban 2024 gwamnan jihar ya yi musu afuwa. Abin da doka ke dubawa shi ne tsoratarwa da makamin, ba yawan abin da aka ɗauka ba.

Mai gadi a waje, mai kai rahoton inda ake ajiye kuɗi, wanda ya ba da aron bindiga, da wanda aka ƙulla shirin da shi, sashe na 6 ya ɗauke su tamkar wanda ya shiga ɗakin, hukuncinsu ɗaya. Mai karɓar kayan fashi sashe na 5 ya tanadar masa ɗaurin rai da rai. 'Yan kasuwar waya su kula da wannan sosai: wayar da aka kawo ba kwali, ba rasit, a rabin kuɗinta, ita ce ke kai mutum gaban alƙali. Wanda ya ɓoye ɗan fashi a gidansa yana sane shi ma ya yi laifi. In kuma sun shiga da makami amma aka ci ƙarfinsu kafin su ɗauki komai, yunƙurin fashi da makami ke nan, ɗaurin rai da rai ne.

Da a ce sun shiga ne kowa na barci, suka ɗauki kaya suka fice ba wanda suka tsorata, to wannan fasa gida da dare ne da sata a ƙarƙashin Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na jihohin Arewa, sashe na 346 da 347 ne suka yi bayaninsa, hukuncinsa ɗauri ne. Amma da zarar mai gida ya farka aka nuna masa wuƙa don a tsere da kayan, magana ta canza. Shi ma Final Kod yana da nasa sashen fashi, na 298, kuma yana kiran fashin mutum biyar zuwa sama da suna na daban. Jihohi sun yi wa nasu kwaskwarima, Kaduna ma sabon kundi ta yi a 2017, don haka a duba takardar tuhuma a ga da wace doka aka gurfanar da mutum, domin a kanta hukunci ya dogara.

Batun yafiya: laifin na gwamnati ne, masu gida shaidu ne kawai. Antoni Janar na jiha ne ke da ikon janye ƙara a ƙarƙashin sashe na 211 na tsarin mulki. Mayar da kaya ba ya goge laifin.

Tsohon Mai Bincike ya amsa:

Barista ya faɗi abin da ke rubuce. Ni zan yi magana kan abin da ke sa a sallami mutumin da kowa a unguwa ya yi imani shi ne.

Tun shari'ar wani mai suna Bozin ta 1985, Kotun Ƙoli ta kafa abu uku da mai gabatar da ƙara zai tabbatar ba tare da kokwanto ba: an yi fashi, fashin da makami ne, kuma wanda ake tuhuma yana cikin waɗanda suka yi. Na farko da na biyu ba su cika wahala ba. A na uku shari'a take mutuwa, kuma yawanci tun daren farko ake kashe ta.

Idan mai gida ya gane ɗaya daga cikinsu, ya faɗi sunansa a jawabinsa na farko a ofishin 'yan sanda. Mutane kan yi shiru don tsoro ko kunyar maƙwabtaka, sai bayan sati biyu su dawo su ce ai wane ne. Lauyan wanda ake tuhuma zai ɗauko jawabin farko ya tambaya, me ya hana ka faɗa a ranar? Kotu takan ɗauki wannan jinkirin a matsayin kokwanto. In ba a san su ba, a bayyana kamanninsu: tsayi, tabo, murya, harshen da suka yi magana da shi, tufafi. A faɗi hasken da aka gan su da shi, wutar lantarki ce, tocila ce ko farin wata, da tsawon lokacin da suka ɗauka a ɗakin, da ko sun rufe fuska.

In an kama wani daga baya wanda shaida bai san shi ba a da, ƙa'ida ita ce a jera shi cikin mutane masu kama da shi a shekaru da jiki, aƙalla takwas, shaida ya nuna shi da kansa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fito da mutum ɗaya daga sel da ankwa a hannu a ce, wannan ne? Wannan nunin ba shi da nauyi a kotu.

Kada a share ɗakin, kada a gyara ƙofar da aka ɓalle, kada a wanke jini kafin masu bincike su zo su ɗauki hoto. Kwanson harsashi, takalmin da aka bari, ƙarfen da aka banƙare taga da shi, a bar su inda suke. Wanda aka ji wa ciwo a kai shi asibiti nan take, a karɓi rahoton likita. Wata dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa asibiti karɓar mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, asibitin ne zai sanar da su. A nemo kwalayen wayoyi saboda lambar IMEI da ke jiki, wato lambar shaidar kowace waya, da rasit, da bayanan banki idan an tilasta wa wani tura kuɗi. Wannan na ƙarshe shaida ce mai ƙarfi ƙwarai, domin asusun da kuɗin ya shiga yana da suna. Dokar shaida ta 2011, sashe na 167, ta ba kotu damar ɗaukar wanda aka samu da kayan jim kaɗan bayan sace su a matsayin ɓarawon ko mai karɓar kayan sata, sai in ya yi bayanin da ya gamsar.

Sai iƙirari. Jawabin amsa laifi da aka samu ta hanyar duka, sashe na 29 na dokar shaida ya hana a karɓe shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da irinta da jihohi suka yi, sun tanadi a ɗauki jawabin a bidiyo ko a gaban lauyan mutum. Mai binciken da ya dogara da iƙirari kawai, bai nemi wata shaida ba, shi ya rusa aikinsa. Haka in wanda ake zargi ya ce a daren yana wani wuri, ya faɗi wurin da waɗanda yake tare da su, wajibi ne a je a bincika. Rashin zuwa ya kuɓutar da mutane da yawa.

Ga 'yan sintiri: in kun kama mutum, ku miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Doka ta ba mai gida damar kare kansa da dukiyarsa, har ya kai ga kisa idan fashi ne ko fasa gida da dare kuma haɗarin yana kansa a lokacin. Wanda aka riga aka ɗaure, ko ya jefar da makami ya miƙa wuya, dukansa har ya mutu kisan kai ne, za a tuhumi waɗanda suka yi.

Ɗalibin Fiƙihu ya amsa:

Allah ya saka wa malamai da alheri. A ƙara da ɓangaren Shari'ar Musulunci, tunda jihohi 12 na Arewa suna da dokokin laifuka na Shari'a tun daga shekarar 2000, Zamfara ce ta fara.

Wannan laifin sunansa hiraba, asalinsa aya ta 33 a Suratul Ma'ida. Wasu kan ɗauka sai an tare hanya a daji ne, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya shiga gida, dare ko rana, ya yi amfani da ƙarfi don karɓar dukiya ta yadda masu gida ba su da halin samun agaji, muharibi ne, wato mai aikata hiraba. Kundin Zamfara ya jera hukuncin haka: tsoratarwa ba ɗaukar dukiya ba kisa, ɗaurin rai da rai; an ɗauki dukiya ba a yi kisa ba, yanke hannun dama da ƙafar hagu; an yi kisa ba a ɗauki dukiya ba, kisa; an haɗa biyun, gicciyewa. Wanda ya tuba ya miƙa kansa kafin a kama shi, aya ta 34 ta ɗauke masa haddi, amma haƙƙin mutane yana nan, zai mayar da dukiya, jini kuma magana ce tsakaninsa da magada. Bayan kamu kuwa yafewar mai kaya ba ta sauke haddin hiraba.

A aikace, Musulmi kaɗai waɗannan kotunan ke yi wa hukunci, kuma mafi yawan shari'o'in fashi da makami Babbar Kotun Jiha ake kai su. Shari'ar da aka fi tunawa ita ce ta Sani Yakubu Rodi, wanda kotun Shari'a a Katsina ta samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu a gidansu, aka rataye shi a kurkukun Kaduna a Janairun 2002. Ba shi da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba, abin da ya jawo suka mai yawa a lokacin.

Maman Gida ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. To Barista, in hukuncin kisa ne, me ya sa ake ganin wasu sun dawo unguwa, wasu kuma su shekara biyar a tsare ba a yanke musu komai ba?

Barista Na-Kotu ya amsa:

Hajiya, hanyar ce mai tsawo. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron fashi da makami. Abin da take yi shi ne ba da umarnin tsarewa, a dokar 2015 kwana 14 ne a karon farko, ana iya sabuntawa, yayin da fayil zai tafi Ma'aikatar Shari'a lauyoyin gwamnati su ba da shawara. Su ne za su ce akwai hujjar tuhuma ko babu, ko a sauko da ita zuwa sata ko karɓar kayan sata. Waɗanda kike gani sun dawo, galibi ko an ce babu hujja a kansu, ko shaidu sun daina zuwa kotu har aka kori ƙarar. Masu gida da yawa kan gaji bayan an ɗage zama sau uku ko huɗu, alhali ba tare da bakinsu ba babu shari'a. Wanda ke son a yi masa adalci ya riƙe lambar fayil, ya san lauyan gwamnatin da ke riƙe da shi, ya halarci kowane zama. Kotu tana da ikon umartar a biya shi diyya, kuma ana iya ba shi kayansa da aka ƙwato bisa sharaɗin zai kawo su ranar da aka bukata.

Masu daɗewa a tsare kuwa fayil ɗinsu ne ya maƙale tsakanin 'yan sanda da ma'aikata, kuma wannan zalunci ne ko da mutum ya aikata, balle wanda aka kwaso a kame. Beli a laifin da hukuncinsa kisa ne alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke bayarwa, bisa dalili na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani ko jinkirin da ya wuce shekara ɗaya. Dangin da ba su da kuɗin lauya su nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, tana da ofis a jihohi. Ba a yin irin wannan shari'ar ba lauya, kuma ko mutum ya ce ya amsa laifi, kotu za ta rubuta bai amsa ba, a kawo shaidu. A dokar 2015, wanda bai kai shekara 18 ba lokacin da ya aikata laifin ba a yanke masa kisa, shi ya sa takardar haihuwa ko shaidar makaranta take da muhimmanci tun farko.

Bayan hukunci akwai kwana 90 na ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan kwana 30 daga can zuwa Kotun Ƙoli, kuma ba a zartar da kisa muddin ƙara tana gaban kotu. Ko an gama, sai gwamna ya sa hannu, yana kuma da ikon yin afuwa ko sassautawa a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki. Gwamnoni sun daɗe suna ƙin sa hannu. Zartarwar da aka sani ta baya-bayan nan a Jihar Edo aka yi, a 2013 da 2016. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Jojin jiha damar mayar da hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara kuma ya shekara 10 yana jira ba a zartar ba.