Wai ruwa ne ko ba ruwa ba ne? Gardamar da ta ɓarke a zauren tsofaffin ɗalibai

Malamin Fiziks Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi yau raina ya ɓaci kuma sai na hwaɗi abin da ad damuna. Ina cikin yi ma yaran kulob ɗin kimiyya bayani a makarantar da nike koyarwa, na zana da'ira biyu a allo, ina ce masu, kusa da birnin Jeniba akwai injin bincike da ake kira LHC mai zagayen kilomita 27 ƙarƙashin ƙasa tsakanin Suwizalan da Faransa, inda ake ɗauko cibiyar atam ɗin dalma a kora ta har ta kusa kai gudun haske sannan a gwara ta da 'yar uwarta, wurin karon nan zahi har ya haura digiri tiriliyan 5, alhali tsakiyar rana kanta digiri miliyan 15 ɗai ta. Furoton da niyutoron da sunka haɗa cibiyar su narke, kwak da guluwon, ƙananan ɓarɓashin da ke ɗaure cikinsu, su saki, abin da ya samu kuma ruwa ne, kwarara shikai. Ban rufe baki ba wani babba da ke tsaye bakin ƙohwa yac ce, gaban yara, wai in bar cika masu kai da tatsuniya in koya masu abin da za a tambaya a jarabawa. Tatsuniya! Abin da anka auna. Don Allah haka ake yi ma malami gaban ɗalibanshi?

Hajiya Arkilla: Subhanallah. Ka yi haƙuri ƙanena, bai kyauta ba, ko da shina da magana ofis ya kamata ya kira ka.

Ɗan Kemistiri: Malam a yi haƙuri amma tsaya tukuna, ruwa kac ce? Ruwa a digiri 100 shika tahwasa ya zama tururi, yaron aji ɗaya ya san wanga. Kai kuma kana maganar tiriliyan 5 kana cewa ruwa. Ina ruwa zai tsaya wurin nan

Malamin Fiziks Mabera: Ba ruwan randa nike nuhi ba abokina. Halinshi na kwarara nike magana.

Ɗan Kemistiri: To ai sunan abin kanshi filasma, kwak-guluwon filasma, mu kuma abin da munka karanta filasma iskar gas ce da ta yi zahi har lantarkinta ya rabu. Ku 'yan fiziks kullum haka, in abu ya gagare ku sai ku laƙa mai sunan da kunka ga dama.

Ummi Aji Uku: Yaya da izini. Sunan ya riga awon zuwa. Su ma masanan da farko gas suka yi tsammani, suna ganin in kwak sun saki kowa zai kama gabansa. Sai aka kunna injin RHIC a Brookhaven can Amurka a shekarar 2000 ana gwara cibiyar gwal da gwal, a 2005 ƙungiyoyi huɗu da ke awo a wurin, STAR da PHENIX da PHOBOS da BRAHMS, suka fito suka ce abin da suka gani ba halin gas ba ne. Dalili kuwa, in karon bai zo gaba da gaba sak ba, wurin da suka haɗu yana fitowa dogo kamar ƙwallon dabino, matsi ya fi ƙarfi ta gajeren gefen, sai a ga ɓarɓashin ya fi fita ta can. Da gas ne da kowa ke tafiyarsa bai kula da ɗan uwansa ba, da kusan daidai za su watsu ta ko'ina. Turereniyar da suke yi tare ita ta sa aka ce ruwa.

Kawu Runjin Sambo: Ke yarinya kin gani da idonki? Ko a waya kinka karanto?

Ummi Aji Uku: A darasi aka yi mana Kawu.

Kawu Runjin Sambo: Na koyar shekara da shekaru kahin a haihe ki, ban taɓa ganin ruwan da ba a ɗiba a kwano ba. Shi babban nan da ake ta zagi, ku sani shi za a tuhuma in yara sunka hwaɗi jarabawa, ba wani mai inji a Jeniba ba.

Hajiya Arkilla: Kawu ba wanda ya zage shi fa.

Injiniya Kalambaina: Ku duka biyu kun bar hanya. A wurinmu injiniyoyi duk abin da ke kwarara aji ɗaya ne, iska ce ko mai ko ruwa, lissafi ɗaya ake masu. Saboda haka malam bai yi ƙarya ba, ɗan kemistiri ma bai yi ba.

Ɗan Kemistiri: Injiniya kar ka raba mana gardama da hakanan. In iska ruwa ce gobe ka yi alwala da ita.

Injiniya Kalambaina: Ka ga irin ta ko? Tun muna makaranta haka kake, da an kama ka sai ka koma baƙar magana. Ba kai ne ka rantse a hostel cewa ƙarfe ba ya zama tururi ba?

Ɗan Kemistiri: Ban taɓa cewa haka ba, kawo shaida. Kai da ka tahi Malesiya shekara guda ka dawo kana gani kowa jahili ne

Malamin Fiziks Mabera: Don Allah ku saurara. Abin da ake aunawa kauri ne, yadda abu ke turjewa in za shi kwarara, sai a raba shi da yawan entirofi, wato awon hargitsin da ke cikinshi. Masana ukku, Kovtun da Son da Starinets, sun fitar da lissahin da ke hasashen akwai ƙasan da wanga rabo ba ya wucewa, 1 bisa 4π, kuma abin da anka samu a karon gwal da na dalma shina dab da wurin, ba wani abu da anka sani da ya kai shi kusa. Akwai kuma wata shaida, in kwak mai ƙarhi ya ratsa ta cikinshi sai ya hito ya rage ƙarhi sosai, an gani a RHIC, an sake gani a LHC da anka hwara karon dalma a Nuwamba 2010. Abu mai yauƙin haɗuwa haka ba iskar da kowa ke yawonshi ba ce. Ni kuma ba wanga nit tambaya ba, maganar cin mutunci nike.

Ɗan Kemistiri: To ka ga kai ma ka ce kauri. Ruwa na da kauri?

Baban Yara Gawon Nama: Ni tambayata daban. In da gaske tiriliyan 5 ne mi ya hana injin narkewa, kai har garin ma? Mu nan watan Afrilu digiri 43 kwalta na laushi.

Ummi Aji Uku: Baba ƙanƙantarsa ce. Faɗinsa bai wuce na cibiyar atam ba, kuma kafin haske ya gama ratsa shi kaɗan ya riga ya huce, daƙiƙa ɗaya ka raba ta gida tiriliyan, ka sake raba guda gida biliyan 100, to 'yan ƙalilan daga ciki ne rayuwarsa. Duk ƙarfin karo ɗaya ko ɗigon ruwa ba zai ɗumama ba. Da ya sauko wajen digiri tiriliyan 2 sai kwak su sake ɗaurewa, ɓarɓashin da suka samu daga nan su ne na'urar ALICE da ke kan LHC ke kamawa a lissafa baya. Kuma sauyin a hankali yake zuwa, ba tafasa ba ce ta farat ɗaya. Masana sun ce haka sararin samaniya yake a farkon samuwarsa, cikin 'yan kaso kaɗan na daƙiƙa in an raba ta gida miliyan.

Kawu Runjin Sambo: To kun ji. Abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ba wanda ya taɓa, shi za a tsaida yara a kai. Sannan maganar hwarkon duniya a bar ma Mai duniya.

Ummi Aji Uku: Kawu ba wanda ya ce shi ya yi halitta, duba halitta ake yi, kuma an umarce mu da dubawa.

Kawu Runjin Sambo: Yanzu wa'azi za ki yi min? Wa ya sa ɗalibai cikin zauren nan ma, ba na waɗanda sunka gama ba ne?

Hajiya Arkilla: Ni na sa ta Kawu, ɗiyar yayata ce, kuma ba ta yi rashin kunya ba.

Baban Yara Gawon Nama: Duk kuɗin nan da sun kawo muna wuta da su, kwana biyu unguwarmu ba lantarki.

Injiniya Kalambaina: Kuɗinsu ne Baba ba namu ba. Kuma shafukan intanet da kake buɗewa a CERN, cibiyar binciken da ke da injin LHC ɗin, aka ƙirƙiro tsarinsu a 1989.

Ɗan Kemistiri: Ga ɗan Malesiya ya zo kare Turawa

Admin Gidan Dare: Salamu alaikum, ya isa haka. Na bi komi daga sama. Abin da ya hito dai, kamar yadda abokina ɗan kemistiri ya nuna, abin nan ba ruwa ba ne, shi kanshi malam ya yarda ba ruwan randa ba ne, kenan kalmar ce ta jawo mai abin da ya same shi. Kawu ya yi gaskiya, jarabawa ce gaba. Injiniya a rage zahi, ƙanana kuma a riƙa bari manya su gama. Kar a manta da kuɗin gudummawar wata.

Malamin Fiziks Mabera: Admin ina nic ce na yarda? Ka koma sama ka karanta. Ranar Laraba zan sake yi ma yaran bayanin nan daga hwarko, kuma ruwa zan ce. Ummi ki turo min hoton zanen karon nan da anka ba ku a darasi.